Wane akwatin ribab da dile zan saya wa situdiyon ɗakina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina Anguwan Rogo a nan Jos, ina ɗaukar waƙoƙin yabo da na biki a ɗakina. Kayana su ne laftof mai manhajar haɗa waƙa ta FL Studio, da saunkad Focusrite Scarlett 2i2 mai haɗa makirfo da sifiku da kwamfuta, da makirfo guda. Murya tana fita a bushe, ba ta kama da ta manyan situdiyo. Abokai sun ce in sayi akwatin ribab da dile na waje, wai ya fi na cikin kwamfuta. Kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Idan suna kawai kake so, ka nemi TC Electronic M350 na hannu, in bai samu ba ka ɗauki Lexicon MX200. To amma kada ka tashi kasuwa tukuna, domin da kayan da ka lissafa, ko yau aka ba ka akwatin kyauta ba ka da inda za ka soka shi ya yi maka aikin da kake buri. Na ga yara da yawa a garin nan sun zuba kuɗin da suka daɗe suna tarawa a kan irin wannan akwati, ƙarshenta ya koma abin ɗora hedifon, kuma abin yana taɓa ni. Shi ya sa zan ja maganar da ɗan tsawo.

Mu fara raba abu biyu da mutanenmu ke haɗawa su kira eko. In ka hau duwatsun Shere ka ƙwala kira, muryarka ta je ta dawo maka ɗungurungum har kana iya ƙirga ta, wannan shi ne dile. In kuwa ka shiga babban masallaci bayan an watse ka yi gyaran murya, ka ji amo ya cika wurin yana dusashewa a hankali ba tare da ka iya ware maimaici ko ɗaya ba, wannan shi ne ribab. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, yana bugun bango da rufi da daɓe sau dubbai, kunne ya kasa rarrabe su, sai ya ji su a matsayin girman wuri. Ekon da kake ji a amfilifayar wa'azi da ta masu sanarwa a tasha kuwa dile ne na ƙaramin cif mai arha, sau da yawa wanda ake kira PT2399, kuma da zarar an tsawaita shi sai murya ta fara dauɗa. Kada wani ya sayar maka da irin wannan da sunan kayan situdiyo.

Ga matsalar soka waya. Akwatin waje yana buƙatar hanyar tafiya da hanyar dawowa: ka tura masa murya ta wata mafita, ya yi aikinsa, ya dawo maka da amon ta mashiga biyu, hagu da dama. Scarlett 2i2 mafita biyu gare shi, kuma su ne suke zuwa sifikunka. Ramin hedifon ma abin da ke fita ta waɗannan biyun yake maimaitawa. Ka ga ke nan babu wata ƙofa ta uku da za ka aika murya ita kaɗai kana kuma sauraron waƙar. Hanyar warware wannan biyu ce. Ko ka canza saunkad zuwa mai mafita huɗu, irin Scarlett 4i4 ko Behringer UMC404HD, ko ka sa ƙaramar miksa a tsakani, wadda ke da ramin tura sauti zuwa akwati, wanda aka rubuta wa AUX SEND. Duk wanda ka zaɓa, ka sa kuɗinsa da na wayoyi masu kyau guda uku ko huɗu cikin lissafi tun yanzu.

Kuma ko ka haɗa, aiki da akwati yana da nasa sharaɗi. Akwati ɗaya yawanci saitin ribab ɗaya yake yi a lokaci guda. In kana son ribab daban a kan jagoran waƙa, wani daban a kan 'yan amshi, sai ka ɗauki na farko ka adana, ka sake murɗa saiti ka ɗauki na biyu, kuma waƙar minti shida sai ka zauna minti shida kowane zagaye. Mai waƙa ya dawo bayan mako ya ce a canza baiti guda, sai a sake daga farko. A cikin manhajojin ɗaukar waƙa, Cubase Pro yana da sashe na musamman don na'urorin waje, Reaper yana da ReaInsert, dukansu suna auna jinkirin tafiya da dawowa su gyara shi. A FL Studio da hannunka za ka zaɓa wa layin miksa mafita da mashiga.

Maganar abokanka cewa na waje ya fi na cikin kwamfuta, akwai zamanin da take gaskiya. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fitar da EMT 140, wani faffaɗan faifan ƙarfe ne mai tsawon kusan mita biyu a rataye cikin akwatin katako, nauyinsa ya haura kilo 250. Ana kaɗa shi da sauti, a ɗauki rawar da yake yi. Daga nan sunan Plate da kake gani a jerin saituna ya samo asali. A 1976 suka kawo EMT 250 mai aiki da lissafin kwamfuta, a 1978 Lexicon 224 ya biyo baya, kuma duk kayan dubban daloli ne da sai manyan situdiyo. Sai a 1986 Alesis ya fito da MIDIVerb, talaka ya samu shiga. A wancan lokaci, har zuwa shekarun 1990, kwamfutar gida ba ta da ƙarfin yin wannan lissafi tana kuma ɗaukar sauti, dole a nemi akwati. Amma ka gane cewa akwatin nan shi ma 'yar kwamfuta ce a ciki, lissafi take yi, kuma laftof ɗinka ya fi cif ɗin 1989 ƙarfi nesa ba kusa ba. Fulogin, wato ƙananan manhajojin ribab da dile, irin Fruity Reeverb 2 da Fruity Delay 3, suna nan cikin FL ɗinka. Valhalla Supermassive kyauta ne, haka TAL-Reverb-4 da Dragonfly Reverb. Valhalla VintageVerb dala 50 ne, kuma a kunnena babu akwati mai arha da zai kunyata shi. Ina faɗin haka ne alhali ina da akwatuna uku a rak ɗina, ina kuma son su.

Ina zargin ma ba bushewa ce ke damun muryar taka ba. Yawancin ɗakunanmu a Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos bulo ne da filasta, ƙasa siminti ko tayil, faɗin bai wuce mita uku ko huɗu ba. Irin wannan ɗaki yana da nasa ribab, gajere mai ƙarar gwangwani, kuma makirfon kwandensa yana kwashe shi tsaf. In ka ɗora ribab mai tsada a kan wannan, ka zuba turare ne a kan rigar da ba a wanke ba. Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani "firrr" yana bin bayan tafin, to ɗakin ne farkon abin gyara. Mu mutanen Jos ba mu rasa bargo ba. Rataya masu kauri biyu a bayan mawaƙi da gefensa, ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da bango, ka jingina katifa a kusurwa, ka shimfiɗa darduma, mawaƙi ya matso kamar taƙi guda daga makirfo. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kusan ado ne kawai. Bayan wannan ka sake saurara, za ka ji ko ribab ɗin cikin FL ya fara zama a kan murya yadda ya kamata.

To me ya sa har yanzu nake riƙe da akwatunana? Saboda mawaƙi. Mutumin da ya saba rera yabo a zawiyya ko a filin mauludi, ko wanda ya saba da sifikun biki, in ka toshe masa kunne da hedifon ya ji muryarsa tsirara, sai ya tsorata. Ya fara matse maƙogwaro, ya kasa sakin dogon numfashi, ya yi ta cewa a sake. Ka ɗan zuba masa ribab a kunne, sai ka ga kafaɗunsa sun sauka, murya ta buɗe. Wannan aikin akwati yana yin sa ba jinkiri, ba ya nauyaya laftof, kuma hannunka na kan maɓalli kana kallon fuskar mai waƙa kana ƙarawa ko ragewa. Haka in ana fita da kai aikin fili, walima ko taron biki, akwati ba ya sandarewa a tsakiyar taro.

Sai dai kai ma kana iya samun wannan a yau ba ka kashe ko sisi ba. Danna maɓallin Direct da ke jikin 2i2, mawaƙi zai ji muryarsa kai tsaye daga saunkad. A cikin FL ka sa ribab a layin makirfon, ka sauke busasshiyar murya zuwa sifiri, ka bar amon kaɗai. Kwamfuta takan jinkirta sauti kaɗan, misali kusan milisakan 6 kowace tafiya (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), amma tunda amon ne kawai ke makara, kunne yana karɓarsa a matsayin faɗin ɗaki. Ka tabbata dai ka saita FL ya adana sautin da ke shigowa kafin ya bi ta ribab ɗin.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce na fi so ka riƙe, ko da akwati ko babu: kada ribab ko dile ya shiga cikin muryar da kake adanawa. A kunnen mawaƙi zai tsaya. Shekarun baya wani sha'iri ya kawo mini ƙasida da ya ɗauka a wani wuri, an bi da muryarsa ta miksa da eko a buɗe. Baitoci masu kyau, murya mai daɗi, amma akwai wurare uku da ya ɗan zame daga karin. Na sa Auto-Tune, manhajar gyaran kari, sai ya rikice, domin yana jin sabon sauti da wutsiyar tsohon a lokaci guda, bai san wanda zai bi ba. Na gwada yanka in ɗauko wani wuri in liƙa, wutsiyar amon ta tona ɗinkin. Mutumin kuma ya riga ya koma garinsu, nesa. Haka aka saki aikin da tabonsa, har yau in na tuna ina jin ciwon abin. Tunda yawancin waƙoƙinmu na yanzu ba sa rabuwa da gyaran kari, ƙa'idar ita ce gyaran kari da matse murya, wato daidaita ƙarfinta, su fara, ribab da dile su zo daga baya a layinsu daban.

Yanzu ga akwatunan. M350 na kamfanin Denmark ne, injina biyu gare shi, ɗaya na ribab, ɗaya na dile da sauran kwalliya, kuma kusan komai maɓallin murɗawa ne a gaba, ba sai ka nutse cikin allo kana neman shafi ba. Yana da maɓallin Tap da za ka buga da yatsa daidai da kiɗa, dile ya bi. Amonsa tsaftatacce ne, ba ya cika waƙa da hazo. Abin da ya sa na fifita shi a ƙasar nan shi ne wutarsa: tana ciki, kuma tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ko daga Amurka aka kawo shi sai dai ka canza waya. Yayansa M-One XL ya fi shi zurfin saiti, D-Two kuma na dile ne zalla, in ka ci karo da su a farashi mai sauƙi kada ka wuce.

MX200 shi ma injina biyu ne da Tap. Ribab ɗin Lexicon ya fi kauri da ɗumi, yana lulluɓe murya, kuma a kan yabo mai tafiya a hankali ni na fi jin daɗinsa. Abu biyu za ka lura da su. Ramin USB da ke bayansa na sarrafa saiti ne, ba ya ɗaukar sauti, kada mai shago ya ce maka zai maye gurbin saunkad. Sannan da adafta yake aiki, zan dawo kan wannan.

Tsofaffin da ke yawo a hannun masu kayan sauti da coci-coci kuwa, kowanne da halinsa. Yamaha SPX90 na 1985 ne, mashigarsa ɗaya, kuma sautinsa ba ya haura kilohaz 12 (haz dubu 12 a ma'aunin kaifin sauti), shi ya sa yake da ɗan duhu da tsakuwa-tsakuwa. A kan ganga da kalangu yana da daɗi, a kan murya mai laushi ba kullum ba. Alesis MIDIVerb II na 1987 saitunansa a kulle suke, sai dai ka zaɓi lamba, ba ka iya tsawaita ko gajarta komai. Quadraverb na 1989 yana haɗa aiki huɗu a lokaci guda, masu piyano da jita suna ƙaunarsa, amma yana da 'yar shiiii a ƙasa. Duk waɗannan sun haura shekara talatin. Akwai batir a cikin irin su SPX90 da Quadraverb mai riƙe saitunan da ka adana, in ya mutu sai a canza, in ya zubo yana cin allon. Na mai sha'awa ne da ya riga ya mallaki na aiki, ba na wanda zai sayi na farko ba. Behringer Virtualizer yana da arha kuma yana yin aikin fili, amma a kan muryar situdiyo fulogin kyauta ya fi shi.

Akwai hanyar da nake ganin ta fi dacewa da aljihunka in har sai ka sayi ƙarfe: miksa mai ribab a cikinta. Yamaha MG10XU tana ɗauke da saituna 24 na dangin SPX, ƙananan Soundcraft irin Notepad-12FX kuma na Lexicon ne a cikinsu. Da kuɗi ɗaya ka sami ribab na kunnen mawaƙi, da ƙarin ramukan makirfo don 'yan amshi, da abin fita aiki. Sai ka kula ka ɗauki muryar da za ta shiga kwamfuta ta hanyar da amon bai bi ba. Fedar masu jita ma tana yi, irin Zoom MS-70CDR da ke aiki da batir biyu ƙanana, ko Boss RV-6. An gina su ne don raunannen sautin jita, saboda haka ka rage ƙarfin abin da kake tura musu, in ba haka ba za su yi ta tsagewa.

Batun wuta shi ne inda aka fi yin asara. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100, kuma kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa. Na taɓa sayen wani akwati, mai shagon ya rantse mini na Ingila ne, ban juya bayansa na karanta ba. Ina sokawa sai ƙauri, ko fitilarsa ban gani ba. Ka karanta rubutun da ke kusa da ramin wuta da idonka, in 120 ko 100 ne sai da taransifoma mai sauke wuta. Na biyu, MX200 da tsofaffin Alesis adaftarsu bolt 9 ce ta AC, alhali kusan duk adaftar da ke kasuwa DC ce. Kan na iya shiga daidai amma akwatin ya ƙi aiki, kuma in aka yi akasin haka, aka sa ta AC a fedar Boss, an kashe ta. Quadraverb ma kansa na daban ne mai ƙafa huɗu. Kada ka karɓi irin waɗannan ba tare da adaftarsu ta asali mai karɓar 230 ba, duk rangwamen da aka yi maka. Ka haɗa laftof da saunkad da akwati a soket guda don guje wa gurnanin nan na "huuum", ka sa sitabilaiza, kada ka kunna su sai janareta ya daidaita. Da damina kuma ka san tsawar Jos, hadari na haɗuwa ka zare komai daga bango.

Wajen saye, ko a shagunan kayan sauti na wajen Terminus ne, ko wani zai turo maka daga Alaba, ko a Jiji ka gani, sharaɗin shi ne a gwada. Ka je da hedifon ɗinka da murya busasshiya a waya. A bar akwatin a kunne minti ashirin, don wasu sai sun yi zafi suke nuna ciwonsu. Ka saurari hagu da dama daban-daban, ka murɗa kowane maɓalli kana jin ko yana ƙarar yashi, wanda ƙurar hunturu ke jawowa kuma feshin wanke maɓalli yakan magance shi. Ka adana saiti guda, ka kashe, ka kunna, ka ga ko yana nan. Ka tsayar da murya cak ka bi wutsiyar amon har ta ƙare: ta lafiya tana narkewa sumul, mai matsala tana ƙarewa da tartsatsi. In daga nesa ne, a yi maka bidiyon duk wannan kafin ka tura ko kwabo.

Saura yadda za ka saita, don ko M350 ne a hannun da bai iya ba, kwaɓa zai yi. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan tsawon wasali da hawa da saukar murya, ga ƙ da ɗ da ts da ke buƙatar fita tsaf. Mai sauraron yabo baiti yake bi, in ribab ya haɗiye ƙarshen kalma ka cuce shi ka cuci sha'irin. Ka fara da Plate, tsawon wutsiya daƙiƙa 1.2 zuwa 1.8 a waƙar biki mai sauri, 2 zuwa 2.5 a yabo mai nutsuwa. Ka ba shi tazarar milisakan 30 zuwa 60 kafin amon ya fara, domin kalma ta fita tukuna. A layin da amon ke dawowa ka yanke duk abin da ke ƙasa da haz 250 ko 300, ka kuma rage na sama da 8,000, in ba haka ba kowane "s" zai zama ruwan sama a kan kwano. In akwati ne ta AUX, maɓallin Mix ya tafi ƙarshe, amo zalla. 'Yan amshi su fi jagora samun ribab, sai su koma bayansa, shi ya tsaya a gaba.

Dile kuwa lissafi ne mai sauƙi: raba 60,000 da saurin kiɗan. Waƙa mai bugu 100 a minti, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rabinsa 300. Amma yawancin kiɗanmu, musamman mai tafiyar kalangu, uku-uku yake rabuwa, saboda haka 200 ko 400 za su fi zama a cikinsa fiye da 300. Maimaici biyu ko uku ya isa, kuma ya fi kyau ka buɗe shi a ƙarshen baiti inda mawaƙi ke jan numfashi, ka rufe idan ya ci gaba. Ka ɗaga amon har ka ji shi sarai, sannan ka sauke kaɗan. Daga nan ka tura waƙar cikin wayarka ka saurara ta ƙaramar sifikarta, ka kuma ba wani mai Keke ya sa maka a tasa, domin a can jama'a za su ji ta. In ka gwada bargunan da dabarar Direct ɗin nan na mako biyu, ka turo mini abin da ka ɗauka, busasshe da wanda ka sa wa amo, in saurara mu ga ko akwai sauran buƙatar akwatin.